Gambo Dillali Ba Ya Kushe Kaya

Ranar da aka ƙulla cinikin ina wurin, don ni aka kira shaida. A ƙofar gidan Gambo Dillali ne a Gazara, bayan la'asar, a kan tabarmar da yake shimfiɗawa gindin dalbejiya. Masu cinikin su biyu ne: Gambo, wanda ya shekara arba'in yana dillancin rake da mazarƙwaila a kasuwar Makarfi, da jikarsa Lubna, 'yar ɗansa Ja'afaru.

"To, amarya, baje kayanki mu gani," in ji Gambo. Haka yake kiranta tun tana goye.

"Kayan da nauyi fa, tsoho. Anya ƙafafun nan za su ɗauka?"

"Ƙafafun nan sun ɗauki ubanki. Faɗi."

Ga yadda maganar take. Lubna karatun lauya take so a jami'a a Zariya. Bara ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda yara ke kira JAMB, makinta bai kai na masu neman lauya ba. Ja'afaru ya ce ya yarda ta sake bana, amma daga bana an rufe. In ba ta samu ba, ga makarantar kiwon lafiya nan a Makarfi, kusa da gida, ta je ta koyi allura. Ita kuwa Lubna ko kaza ake yankawa sai ta shige ɗaki ta toshe kunne. Saura kwana arba'in da biyar a zauna jarrabawar, ga shi lokacin yankan rake ne, uwarta Wasila na dafa wa 'yan ƙwadago tuwo safe da rana, kuma Lubna ce mai daka, ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai raba faɗan ƙanne.

"Abu biyu nake so," ta ce. "Na ɗaya, ka sa baki a sake ni daga hantsi zuwa azahar, in riƙa zama a bukkarka ta fadama, inda ba mai kirana. Na biyu, ka riƙe mini wannan."

Ta miƙa masa waɗansu takardu da aka yanko da reza. Daga bayan littafinta na tambayoyin shekarun baya ta ciro su. Kowace tambaya tana da amsa huɗu, A da B da C da D, ɗaya ce ta gaskiya, kuma a waɗannan takardun aka jera na gaskiyar. Ta ce abin da ya kayar da ita bara idonta ne. Ɓarawo ne. Kafin ta yi tunani ya leƙa baya ya sato amsa, ita kuma ta ce ai dama ta sani.

Gambo ya juya takardun. "Ni da ban yi boko ba?"

"Harafi huɗu ne kacal da lamba. Kai da kake karanto lambar motar rake tun tana kan kwana?"

Ya yi murmushi, ya cusa takardun a aljihun 'yar shararsa. Sannan ya faɗi nasa sharaɗin, wanda ni tun kafin ya buɗe baki na san shi, don duk Gazara ba wanda bai haddace ba. Tsakanin gonar raken Gambo da lambun tumatirin Malam Yahuza, tsohon hedimasta, akwai kunyoyi biyu da kowannensu ke cewa na ubansa ne. Shekara goma sha ɗaya ana abu ɗaya. Sau uku suna zuwa gaban dagaci, a na ukun ya gaji ya ce kada wanda ya sake sa fartanya a wurin sai sun daidaita. Tun daga nan ciyawa ce ke cin moriyar kunyoyin, su kuma ko a jana'iza suka haɗu sai dai kowa ya gaisa da na kusa da ɗan'uwansa.

"Ranar da kika zama lauya," in ji Gambo, "shari'ata ce ta farko. Ki sa baƙar rigar nan da hular nan mai kama da gashin tunkiya, ki tsaya ki yi wa Yahuza Turancin da zai manta nasa."

"Shekara shida ne fa, ko bakwai. Za ka kai?"

"Ina za ni? In tafi in bar ki ki auri wani ɗan yaro mai matsattsen wando?"

"Albarka," in ji Lubna. "Sai ka ƙara da sandar rake kullum, kuma kai za ka fere."

Gambo ya dube ni. "Inuwa, ka ga jinina ko?" Ya juya gare ta. "Na sallama."

Aka fasa goro, aka ba ni ɓari.

Da magariba ya shiga sashen Ja'afaru ya yi sallama. Wasila ta durƙusa ta gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba a musu da suruki, saboda haka ta ce, "To, Baba." Amma an ce daren nan tukwanen gidan sun sha wanki da ƙarfin da ba su saba ba.

Washegari karatu ya kankama. Bukkar ta kara ce, a bakin gonar raken, taku kaɗan daga kunyoyin rigima. Lubna kan saita lokaci a wayarta, ta karanta tambaya da ƙarfi yadda ta saba tun makarantar allo, ta rubuta harafin da ta zaɓa. Turanci, adabin Turanci, darasin gwamnati, da na addinin Musulunci, su huɗu ke nan da ake nema ga mai son lauya. In lokaci ya cika sai ta kira amsoshinta ɗaya bayan ɗaya, Gambo ya miƙe hannu da takarda can nesa da fuska yana ƙanƙance ido.

"Ta ɗaya, B."

"Daidai."

"Ta biyu, D."

"Daidai, madalla."

"Ta uku, A."

"Kai, amarya! Daidai."

Ranar farko ba ta faɗi ko ɗaya ba. Rana ta biyu haka. Kafin mako ya zagayo labari ya kai majalisarmu, don Gambo da kansa ya kawo shi. Ya ce jikarsa ta fi ƙarfin littafin, sai dai a nemo wani daga Kaduna. Ja'afaru ya ji, ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa. Lubna ma har wani haske ta yi.

Ni dai ban gamsu ba. Na san Gambo tun muna kai rake tasha a kan jaki, kuma na sha jin wannan "daidai, madalla" a kasuwa, a kan kayan da ni da shi muka san tsutsa ta gama da su.

Sai a rana ta goma sha shida ita ma abin ya fara yi mata wari. Turancin da ya kayar da ita bara, a ce yanzu ko tuntuɓe babu? Na je fadama ran nan neman aron lauje, na tarar ana cikin kira.

"Ta hamsin da tara, C."

"Daidai."

"Ta sittin, A."

"Daidai."

"Ta sittin da ɗaya, B."

"Daidai, madalla."

Lubna ta rufe littafi a hankali. "Tsoho, nuna mini ta sittin da ɗaya."

Ya duba takarda sama, ya duba ƙasa, ya juya bayanta.

"Tambaya sittin ce a shekarar nan," ta ce. "Kuma goman ƙarshe da gangan na zaɓi amsar da ko ƙanena Imrana ɗan aji uku ba zai zaɓa ba. Kana ganin haruffan ko ba ka gani?"

"Ina gani sarai."

"Da na ce C, me ke rubuce?"

"Wani abu kusa da shi."

"Me ke rubuce?"

"A."

"To me ya sa ka ce daidai?"

Gambo ya gyara zama, irin zaman da yake yi in mai mota ya dawo da ƙorafi. "Ki saurara, yarinya. Shekara arba'in ban taɓa kushe kaya a gaban mai shi ba. Mutum ya yi wata goma yana wahala da rakensa, ya kawo maka, ko ya bushe kamar kara sai ka ce kaya ya yi kyau. Daga baya ka san yadda za ka yi da mai saye. In ka karya wa mai kaya zuciya, baɗi ba zai shuka ba. Ga ki kin zage kina ƙoƙari, gumi har wuya, ni ne zan buɗe baki in ce ba daidai ba?"

"To wane ne mai sayen da za ka lallaɓa mini? Kwamfuta ce za ta duba. Ba ta jin zaƙin baki, ba ta san kai ne Gambo ba."

Ta karɓi takardun ta duba aikin ranar da kanta. Cikin hamsin da ta yi da gaske, goma sha tara ta ci. Ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna tana kallon littafin, ga sandar raken da ya fere mata a gefe ƙudaje na bi. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Saura kwana ashirin da tara, Kaka."

Ban taɓa jin ta kira shi Kaka ba sai ran nan. Shi ma na ga ya ji.

Washegari ya yi niyyar gyara. Ta ce B, ya ce, "Ba haka ba ne," kamar mai sanar da rasuwa. Sai ta tambaye shi dalilin da ya sa ba B ba ce. Ya ce haka takarda ta ce. Ta ce ta san haka takarda ta ce, dalili take nema, don tambayar ba za ta dawo da kamanninta ba. Nan fa dillali ya tsaya. Harafi huɗu ya sani, kuma duk ya kashe su.

Da yamma ya same ni yana ta jan tsaki. Na ce masa, "Yarinyar nan mutum biyu take bukata: wanda ya san Turanci, da wanda ba ya jin nauyin cewa an yi kuskure. Allah ya haɗa maka su a jikin mutum ɗaya, kuma ya ajiye shi taku ashirin daga bukkarka."

"Inuwa, in ba ka da abin faɗi ka ci goro."

"Shekara talatin yana jan kunnen yara. Ko liman ya ja aya ba daidai ba, daga sahu na uku yake gyara masa."

"Gara ta yi allurar."

Kwana biyu ya yi yana wannan cika baki. A na ukun da hantsi ya aiko a kira ni. Na tarar ya sa babbar riga, a fadama, cikin zafin bazara. Lubna na bukka tana karatu. Ya ce in biyo shi. Muka ratsa ciyawar kunyoyin nan, wadda rabon ƙafarsa da ita shekara goma sha ɗaya.

Malam Yahuza na tsugune yana gyara bakin tiyo, injin ban ruwa na ta ƙara. Da ya gan mu ya kashe injin, ya miƙe, ya goge hannu a wando.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Yau kuma ɓatan hanya aka yi?"

"An tashi lafiya, Malam?"

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Ya ban ruwa?"

"Da godiya. Ya kasuwa?"

"Sai addu'a. Ya zafi?"

"Lokacinsa ne."

Suka yi ta jan gaisuwa har aka gaida awaki, don Gambo ya kasa shiga maganar. Daga ƙarshe ya dubi tumatir maimakon mai tumatir, ya ce jikarsa na da jarrabawa, tana bukatar mai duba mata aiki, mai gaya mata inda ta kauce da dalilin kaucewar.

Malam Yahuza bai ce komai ba. Ya cire tabarau, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ya ɗaga shi sama yana dubawa.

Wannan shirun Gambo ya san shi, da shi ya ci abinci shekara arba'in. Ka yi shiru ka ƙyale manomi, da kansa zai rage kuɗin kayansa. Amma ranar nan kayan nasa ne, kuma daga bukka ana jiyo muryar Lubna tana karanta tambaya. Ko minti ɗaya bai iya jurewa ba.

"Kunyoyin nan biyu," ya ce. "Ka noma."

Malam Yahuza ya mayar da tabarau. "Inuwa, ka ji?"

"Na ji."

"Har abada, ko aro?"

Gambo ya cije. "Har abada."

"Na karɓa. Allah ya sa albarka."

Suka yi musabaha. Sai Malam Yahuza ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro sabon jan biro, ko murfinsa ba a taɓa cirewa ba.

"Shekaranjiya na sayo shi a Makarfi," ya ce. "Gambo, mako biyu ina tsugune a nan ina jin yarinyar nan tana karanta tambaya, tana ba da amsar da ke sa cikina ciwo, kai kuma kana cewa madalla. Ranar Talata har na bar ruwa ya kwanta wa tumatir saboda takaici. Na gaya wa mai ɗakina yau in an yi la'asar zan ajiye girman kai in je in roƙe ka ka bar ni in duba mata. Har na tanadi kwandon tumatir da zan kai maka na ban haƙuri."

Gambo ya juyo ya dube ni. Ni kuwa tari ya sarƙe ni, sai da na koma bayan injin.

"Kwandon fa?" in ji Gambo daga ƙarshe.

"Ai kuma an wuce nan."

Daga ranar bukka ta zama aji. Malam Yahuza ba ya cewa daidai sai in ba yadda zai yi. Takardar Lubna kan fito ja wur kamar an yanka zakara a kai. In ta ci tambaya ma sai ya ce ta faɗi dalilin da sauran ukun suka zama ƙarya, in ta kasa ya soke, ya ce sa'a ce, kuma sa'a ba ta zuwa Zariya. Ya sa Ja'afaru ya riƙa kai ta wani shagon kwamfuta a Makarfi ranar Asabar, don hannunta ya saba da danna amsa kafin ranar. Sau biyu tana cewa ta fasa, a kai ta allurar. Malam ya ce to, amma ta gama shafin nan tukuna.

Gambo aka mayar da shi mai tsaron lokaci da firar rake. Bai daina sa baki ba.

"Haba Malam, wannan ai ta kusa. A yi mata ragi mana."

"Ba a ragi."

"To a raba biyu, rabi nata rabi naka."

"Gambo, fere rakenka."

Wata rana Malam ya tafi alwala, Gambo ya matso kusa da jikarsa ya rage murya. "Amarya, a ɗan abin da kika karanta, cinikin nan ba ya tashi? Ai yaudarata ya yi. Da biro a aljihunsa."

Lubna ta ajiye littafi. "Wa ya yi tayi?"

"Ni."

"Ya roƙe ka?"

"A'a."

"Ya tilasta ka?"

"Shiru kawai ya yi."

"Akwai shaida?"

Ya harare ni. "Akwai wani munafuki."

"To ko lauyoyin Kaduna duka ka tara, sai dai su ci kuɗin rakenka."

"Alkawarinmu fa? Shari'ata ce ta farko."

"Wace shari'a, tsoho? Ai ka sayar da ita da bakinka."

Ranar jarrabawa Ja'afaru ya kai ta Zariya tun da asuba. Gambo bai je kasuwa ba, abin da ban taɓa gani ba in ba rashin lafiya ba. Ya zauna gindin dalbejiya yana tambayar duk mai wucewa ƙarfe nawa. Da ta dawo ya ce yaya, ta ce ba ta sani ba. Malam Yahuza ya ce wannan ce amsa ta farko da ta bayar da bai samu abin gyarawa a ciki ba.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo wayarta: maki ɗari biyu da hamsin da takwas. Malam ya ce da an ba shi ita tun ranar farko da ta haura haka, ya faɗa yana kallon Gambo. Aka sake kiransu tantancewa a jami'a, ta je. Da kaka, ana cikin girbin masara, sunanta ya fito a cikin masu karatun lauya.

Mun zauna a majalisa mun auna cinikin, kamar yadda muke yi wa kowane ciniki a garin nan. Lubna ta ci riba biyu: ta samu karatunta, kuma lauyancin kyauta da ta yi alkawari ya faɗi tun ba ta sayi rigar ba. Malam Yahuza ya samu kunyoyi biyu a kan aikin da ya yi niyyar biya a bar shi ya yi, kuma bana barkono ya zuba musu, don Gambo ya riƙa hango ja daga bukka. Wasila ta yi asarar mai daka, ko da yake yanzu in an kira ta uwar lauya ba ta cewa a bari. Wanda ya faɗi warwas shi ne Gambo Dillali, ya rasa ƙasa, ya rasa shari'a, ya rasa abokin gaba, don yanzu kullum Malam na bukkarsa yana shan rake. Shi dai har gobe cewa yake bai faɗi ba, wai kunyoyin dama ruwa na kwanciya a kansu. Mu kuma da muka san shi muka ce masa daidai ne.